Wata 14 ina riƙon ƙwarya, yanzu an ce in na samu kujerar don ni mace ce

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki sakaya sunana. Ni likita ce, na ƙara karatu a fannin lafiyar al'umma, shekara 11 kenan ina aiki da wata ƙungiyar lafiya ta ƙasa da ƙasa, ɓangaren mata masu juna biyu da jarirai. Wata 14 da suka wuce shugaban sashenmu ya samu wani aikin ya tafi, aka ce in riƙe kafin a naɗa wani, da baki aka faɗa min a ƙarshen miting, ba takarda ba ƙarin ko sisi. Na riƙe. Ni ce kasafin kuɗi, ni ce rahoton masu ba da tallafi, ni ce sulhu in ma'aikata sun saɓa, ga nawa aikin na da ba wanda ya ɗauke min. Yanzu an tallata kujerar, saura sati 3 a rufe. Wani abokin aikina da ni na koya masa aiki lokacin da ya zo shi ma zai nema, kuma a gaban mutane ya ce wai ai in na nema magana ta ƙare tunda yanzu mata ake yayi, ba sai na wahala da intabiyu ba. Aka yi dariya ni ma na yi, amma wallahi ranar ban runtsa ba. Ogan da ke samanmu ya ce in yi tunani sosai don kujerar akwai tafiye-tafiye ga ni da ƙananan yara. Wata babba a wurin da nake ɗauka kamar uwa ta ce in yi haƙuri lokacina na zuwa, ita ma sai da ta shekara 20. Maigidana bai hana ba amma ya ce shi dai kar gida ya watse, yaranmu 3, autar shekararta 2. Anti ni yanzu ban ma san ko ina so ba. In na samu a ce don ni mace ce, in na rasa in koma ƙarƙashin wanda na koya wa aiki. Har na fara tunanin ajiye aikin gaba ɗaya. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata likita, sannu da ƙoƙari, sannu da rashin barci kuma. Dariyar nan da kika taya su ta fi komai taɓa ni a wasiƙarki, don na san irinta, ita ce wadda mutum ke yi don kar a ce ba ya ɗaukar wasa alhali an soke shi a inda ke masa ciwo. Kar ki zargi kanki a kanta, kusan duk macen da ta daɗe a ofis ta taɓa yin irinta.

Bari in ba ki amsata tun daga farko kar ki yi ta jira: ki nema. Kin ga tambayar da ake kiran mutum intabiyu don a amsa, wato shin zai iya riƙe sashen nan ko ba zai iya ba, ke kin riga kin amsa ta a aikace tsawon wata 14, kasafi bai rushe ba, masu tallafi ba su janye ba, ma'aikata ba su watse ba, da wani abu ya lalace da tuni an karɓe daga hannunki ba tare da an tambaye ki shekarun autarki ba. Abin da ya rage yanzu suna ne da albashi da ikon sa hannu. In kika janye, aikin nan fa ba barinki zai yi ba, duk wanda aka naɗa teburinki zai riƙa zuwa yana tambayar ina fayil kaza, ya ake rubuta wa masu tallafi kaza, kina yi yana sa hannu. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan, kuma kin riga kin sha na wata 14.

Sai maganar wai mata ake yayi. To mu duba yayin. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya WHO ta fitar da rahoto a kan wannan magana, ma'anar sunan rahoton ma ita ce mata ke aikin maza ke shugabanci. Abin da ya nuna shi ne mata su ne kusan kashi 70 cikin 100 na ma'aikatan lafiya da kula da jama'a a duniya, amma kusan kashi 25 kawai suke riƙe da shi na manyan muƙamai. A 2022 WHO ɗin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ILO suka sake lissafi a kan albashi, suka ga ko an yi la'akari da shekaru da ilimi da awannin aiki, mata a wannan fanni suna samun ƙasa da maza da kusan kashi 24. A shekarar dai masu binciken ƙungiyar Global Health 50/50, mai bibiyar daidaito tsakanin maza da mata a harkar lafiya, suka ƙirga kujerun kwamitocin gudanarwa na manyan ƙungiyoyin lafiya na duniya, sama da kujera 2,000, matan da suka fito daga ƙasashe matalauta kusan kashi 1 suka samu. Ita kanta WHO an kafa ta a 1948, sai da ta cika shekara 50 cif kafin mace ta hau kanta, Gro Harlem Brundtland a 1998, likita wadda ta riga ta yi firaministar ƙasar Nowe har sau 3, ki duba irin abin da sai da mace ta tara kafin a ga ta isa. Mace ta biyu ita ce Margaret Chan daga 2007 zuwa 2017, shikenan, cikin shugabanni 8 da aka zaɓa a tarihin hukumar 2 ne mata. In wannan ne yayi to gaskiya yayin bai karɓu ba.

Na kawo miki lambobin nan ne don ki daina ɗaukar abin kamar wata matsala ce a jikinki ke kaɗai, amma kar ki ɗauke su ki tafi da su intabiyu, can aikinki za ki kai.

Shi abokin aikin naki bari mu yi masa adalci tukuna. Yana da haƙƙin nema ɗari bisa ɗari, koya masa aiki da kika yi ba bashi ba ne da zai biya da janyewa, kuma in ya samu ta hanyar gaskiya ba zalunci ya yi miki ba. Maganar da ya yi kuma, ni a ganina ta mai jin tsoro ce. Ya san ke ce a gaba, to ya jefa magana mai baki biyu, in ta sa kin janye ya huta, in ba ki janye ba kika samu ya riga ya tanadi abin da zai faɗa wa kansa da abokansa. Ki lura har ta fara aiki, tunda ga ki kina rubuto min kina cewa ba ki san ko kina so ba, alhali kafin ranar ina kyautata zaton kin san kina so. Ban ce ki kai shi ƙara a kan magana ɗaya ba, musamman yanzu da kuke neman abu ɗaya, za a juya a ce kina son ɓata masa suna ne. Ki same shi ku biyu, ba fushi ba murmushi, ki ce masa malam wane maganar da ka yi ranar nan a gaban mutane ban ji daɗinta ba, ni da kai duk za mu shiga intabiyu ɗaya, ina so kar ta sake faruwa. Ki tsaya nan, kar ki ƙara bayani, in ya ce ai wasa yake ki ce na ji, na dai faɗa maka. Sannan ki rubuta ranar da abin da aka faɗa da waɗanda ke wurin ki ajiye a wajenki. In ya maimaita to lokacin akwai hanya, kusan duk manyan ƙungiyoyi suna da rubutacciyar doka a kan cin fuska a wurin aiki, kuma tun 2019 ILO ta zartar da yarjejeniya ta 190 a kan tsangwama da cin zarafi a wajen aiki, har da wanda ake yi wa mutum saboda jinsinsa, don haka ba ƙorafin da kika ƙirƙiro ba ne.

Za a ce don ke mace ce? Eh wasu za su ce, ba zan yaudare ki ba. Za su faɗa wata 3 ko 6, daga nan su koma zancen ko kin sa hannu a takardar hutunsu. Kuma tsarin daidaito tsakanin maza da mata wajen ɗaukar aiki da ake ta magana a kai, a yawancin wurare abin da yake nufi shi ne a tabbatar akwai mata cikin waɗanda za a tantance, ko in mutum biyu sun yi kunnen doki a cancanta a duba ɓangaren da aka bari a baya, ba wai a ɗauko wadda ba ta iya ba a ɗora. Matshidiso Moeti 'yar Botswana ita ce mace ta farko da ta shugabanci ofishin WHO na nahiyar Afirka, ta hau a 2015 ana tsakiyar annobar Ebola, kuma a zamaninta ne a watan Agustan 2020 aka tabbatar yankin ya rabu da ƙwayar cutar shan inna ta daji. Yau in ana maganarta wannan ake tunawa. Ni abin da ke ba ni mamaki ma, shekara da shekaru ana naɗa maza a kujerun nan ba a taɓa jin wani ya kasa barci yana tunanin ko don shi namiji ne aka ba shi ba.

Ogan naku kuma, mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya faɗa, wasu mazan gani suke tausayi ne. Amma tambayoyi biyu nake so ki riƙe a ranki. Shi abokin aikin naki, in yana da yara, an ce masa ya yi tunani saboda su? Sannan wata 14 ɗin nan da kike riƙe da sashen kyauta, ina yaran suke, ba a haife su ba? Tausayin bai motsa ba sai da aka zo maganar albashi. Kar ki faɗa masa haka gatsal, kina buƙatarsa. Ki nemi ganinsa na minti 20, ki gode masa da kulawa, ki ce kin yi tunanin kamar yadda ya ce kuma kin yanke za ki nema, maganar gida kin tsara ta, kar ki buɗe masa ƙofar tattauna yaranki don ba hurumin ofis ba ne. Daga nan ki roƙi abin da tun farko ya kamata a ba ki, takarda mai sa hannu da ke cewa daga rana kaza zuwa yau ke ce muƙaddashiyar shugabar sashe, da jerin ayyukan da kika ɗauka. Wannan takarda ta fi miki komai daraja a yanzu, don riƙon ƙwarya na baki in aka ga dama gobe sai a ce ai taimakawa kawai kika yi, kuma a CV ba a rubuta an faɗa min a ƙarshen miting. Kina fitowa ki tura masa imel gajere, na gode da zaman yau, kamar yadda muka yi magana ina jiran takardar kaza kafin rana kaza. Sannan ki buɗe kundin dokokin ma'aikatanku ki nemo sashen riƙon muƙami, ƙungiyoyi da yawa suna da alawus da ake biyan wanda ya riƙe kujerar da ta fi tasa bayan wasu watanni, in naku na da shi ki rubuta wa sashen kula da ma'aikata ki nema har da na baya. Wasu za su ce ki bari sai an gama intabiyu kar a ga kin cika son kuɗi. Ni dai takardar nake so ki karɓa yanzu-yanzu, kuɗin kina iya jinkirta nemansa sati kaɗan in kin ga hakan ya fi, amma ki duba ko akwai wa'adin nema kar ya wuce ki.

A nan zan ɗan ja miki kunne ƙanwata, don ke ma da naki. Kin karɓi aikin mutum biyu ba takarda, kin yi shiru wata 14 kina jiran a gani a yaba. Na san tarbiyyar, an koya mana in kana da kirki aikinka zai yi magana, to a ofis aiki ba ya magana sai an rubuta shi an sa suna a ƙasa. Kuma ina da tabbacin in na karanta CV ɗinki zan ga mun yi, an gudanar, an samu nasarar, ko'ina a sakaye kamar kina jin kunyar kanki. Ki gyara. Na jagoranci ma'aikata kaza, na kula da kasafin da ya kai kaza, na rubuta rahoto kaza aka karɓa ba gyara, na shawo kan matsala kaza. Wannan ba fariya ba ce, masu tantancewa suna da takarda a gabansu suna ba da maki ne a kan abin da aka faɗa, abin da kika bari a ciki ba shi da maki.

Ba a fafe gora ranar tafiya, sati 3 kuma ba yawa. Ki ɗauko tallar aikin ki raba abin da aka ce dole da abin da aka ce in an samu ya fi, mata da yawa a nan suke cire kansu da kansu, su ga abu ɗaya da ba su da shi a cikin na biyun su ce ai ban cika ba. In akwai inda kike da rauni da gaske, misali ba ki taɓa zama gaba da gaba da masu tallafi kina neman sabon kuɗi ba, ki san shi tun yanzu ki shirya amsa ta gaskiya, ga abin da na yi mai kama da shi ga yadda zan cike. Ki tanadi labarai 5 ko 6 daga watannin nan, kowanne da matsalar da abin da ke kika yi da yadda ta ƙare, har da guda ɗaya da kika yi kuskure kika gyara don kusan kullum sai an tambaya. Ki faɗe su da baki da ƙarfi, ba a zuci ba, har sai sun daina yi miki nauyi.

Ita Hajiyar da kike ɗauka kamar uwa, kar ki ji haushinta. Haƙurin da take ba ki shi ne makamin da ya tsallakar da ita a zamanin da mace ɗaya ce a ɗakin taro, ba ta ba ki abin da ba ta yarda da shi ba. Sai dai shekara 20 da ta yi tana jira ba gado ba ne da dole sai kin ci. Kuma akwai abin da take da shi da ya fi shawara amfani, tana shiga inda ba kya shiga, ana jin maganarta. Mai ba ka shawara daban, mai tsaya maka in ba ka nan daban, mata kuma sun fi samun na farkon, a yi ta tura su bita da horo kan shugabanci, maza kuwa ana ambaton sunansu a inda ake rabon kujeru. Ki je mata da ladabi ki ce Hajiya na yanke zan nema, ina so ki sa min albarka, ki yi min intabiyun gwaji ki matsa min sosai, kuma in an tambaye ki game da aikina ki faɗi abin da kika gani. Sau da yawa irin waɗannan iyayen in suka ga yarinya ta tsaya da ƙafarta su ne ke zama garkuwarta. In kuma ta noƙe, kin gane iyakar abin da za ta iya, ki ci gaba da girmama ta ki nemi wani, ko tsohon shugaban sashen da ya tafi, ai ya san aikinki kuma ba ya neman komai a wurin yanzu.

To sai babban, maigida. Duk cikin mutanen nan shi kaɗai ne maganarsa ke da haƙƙi a kan shawararki, kuma ki gode Allah bai hana ba, tsoro ya faɗa miki, tsoron kuma ba na banza ba ne, yarinya 'yar shekara 2 ba ta san wani abu wai shi taron ƙasa da ƙasa ba, uwarta take nema. Matsalar kalmar kar gida ya watse ita ce ba ta da kai ba ta da ƙafa, ba a iya magance ta sai an farfasa ta. Ki zaɓi lokacin da yara suka yi barci ba ranar da kuka gaji ba, ki tambaye shi, cikin wata 14 ɗin nan me ya fi yi maka wahala? Ki yi shiru ki saurara, kar ki kare kanki. Wataƙila ba tafiyar ba ce ma, wataƙila kwamfutar da kike buɗewa ƙarfe 11 na dare ce, ko wayar da ba ta daina ƙara ranar hutu, ko dai yana ji ne kamar an daina shawara da shi. Sannan ki nuna masa wani lissafi da ina ganin ke kanki ba ki yi ba, yanzu aikin mutum biyu kike yi, in aka naɗa ki dole a cike tsohuwar kujerarki, ma'ana abin da gidanku ya riga ya jure zai iya fin wanda ke zuwa nauyi. Tafiye-tafiyen ma kar ku tsaya kan an ce akwai, ki duba na tsohon shugaban a shekararsa ta ƙarshe da naki na bana, sau nawa, kwana nawa, wanne ne dole shugaba ya je da kansa wanne ne za a iya wakilta ko a yi ta intanet, tun bayan korona taruka da yawa sun koma haka. Shugaba ai shi ke raba tafiya, kuma ga ki da abokin aiki mai son a gan shi, sai ki riƙa tura shi.

Ku fito da yarjejeniya mai lamba, kwana nawa a wata ba za ki wuce ba sai da larura, wa zai kwana da yara, wa zai kai su makaranta, kashi nawa na ƙarin albashin zai tafi wajen ɗaukar mai taimako amintacciya, ƙarfe nawa ake rufe kwamfuta. Ku sa wata 6 ku sake zama ku duba, kuma ki yi masa alƙawarin da za ki iya cikawa kawai. Shi ma ki faɗa masa abin da kike buƙata daga gare shi dalla-dalla, don ban hana ba daban, na ɗauki nawa kason daban, kuma maza da yawa suna ɗauka in an faɗa musu takamaiman abu maimakon a jira su gane da kansu. In maganar ta cije ku sa wani babba da ku biyun kuke jin nauyinsa, amma ku fara ku biyu.

Kin ce ba ki san ko kina so ba. Ki bambance ba na so da na gaji, don kamarsu ɗaya da daddare. In kina da hutu a ajiye ki ɗauki kwana 2 ko 3 ki yi barci, sannan ki tambayi kanki, da a ce ba wanda ya yi waccan maganar kuma an ɗauke min tsohon aikina, ina jin daɗin jagorancin nan? In amsar a'a ce da gaske, kin fi son aikin fili da marasa lafiya da bincike a kan miting da kasafi, to wallahi ba laifi, ba ki ci amanar mata ba, ba a ɗora miki ɗaukar matan duniya a ka ba, sai dai ko a hakan ki karɓi takardarki da alawus ɗinki ki sa ranar miƙa riƙon. In kuma amsar eh ce, to ki san kujerar tana da amfani fiye da albashi. Fanninki ne, kin fi ni sanin cewa a 2023 mata kusan 260,000 suka rasu a dalilin ciki da haihuwa, kusan kashi 70 a Afirka kudu da Sahara. Kin kuma san lokacin Ebola a Kwango a 2018 da aka fara rigakafi an ware masu ciki da masu shayarwa, sai a 2019 aka sauya bayan an yi ta ƙorafi, kuma lokacin korona nas-nas mata sun yi ta fama da kayan kariya da aka ɗinka da awon jikin maza. Ban ce duk mace in ta hau sai ta gyara ba, na ga shugabanni mata da suka fi maza tsanani ga mata 'yan'uwansu, amma irin waɗannan abubuwa sun fi saurin faɗowa a ran wadda ta shekara 11 tana kallonsu da idonta.

Ajiye aiki kuwa a cire shi daga lissafi yanzu. Ba a ajiye aiki cikin fushi, kuma ba a ajiye shi sati 3 kafin damar da aka shekara 11 ana tarawa. In Allah bai nufa kin samu ba, zai yi ciwo, ki ba kanki kwanaki. Sannan ki nemi a faɗa miki a rubuce inda kika gaza, in kin ga an karya ƙa'idar ɗaukar aiki akwai hanyar ɗaukaka ƙara ta cikin gida kuma yawanci tana da gajeren wa'adi, ki san shi tun yanzu. Ki rubuta takardar miƙa aiki tsaf, ki miƙa, ki koma naki aikin kawai, in sabon shugaba ya zo da tambaya ki amsa da mutunci amma kar ki koma yi masa aikin a ɓoye don a zauna lafiya. Ki ba wa zaman wata 6 kina neman wani wurin a nutse, da takardar da ke cewa kin riƙe sashe sama da shekara, wadda a wata ƙungiyar ita ce za ta kai ki kujerar da ta fi wannan. In kuma kin samu, kar murna ta sa ki sa hannu a kan matakin albashi na farko da aka miƙo, ki tambaya ko za a lissafa watannin riƙon, ki riƙe abokin aikin nan da adalci ko da bai yi miki ba, kuma ranar da za ki ce wa wani ko wata riƙe min sashe, ki haɗa da takarda.

Yau da daddare ki tura wa oga imel ɗin neman ganinsa, layi 2 ya isa, kar ki tsaya gyara shi sau goma. Gobe ki buɗe CV. Maigida kuma kafin ƙarshen satin nan, kar ya ji a bakin wani cewa kin nema. Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ki shafa min kan auta, kuma in an kira ki intabiyu ki rubuto min tambayar da kika fi jin tsoro mu yi ta tare.